Labarin zuciya ba kullum yake a fuska ba: Yadda masu otizim ke shan zargi a wurin aiki

A watan Oktoban 2017 kamfanin makamashi na Npower da ke Birtaniya ya ɗauki wani mutum aiki a matsayin babban mai nazarin bayanai. Aka zaunar da shi a wani faffaɗan ofis marar shamaki, hanyar da ma'aikata ke kai-da-kawo tana daidai bayan kujerarsa, ga kuma aikin gini ana yi a kusa. Ba a jima ba masu kula da aikinsa suka fara ƙorafin cewa yana ɗaga murya, yana kuma hana mutane sakat. A watan Fabrairun 2018 abin ya fi ƙarfinsa, ya rikice a wurin aiki. Binciken likitoci ya nuna yana da otizim, aka kuma ba kamfanin shawarar gyare-gyaren da za su sauƙaƙa masa, amma ba a aiwatar da su ba. Daga ƙarshe ya rasa aikin.

Da maganar ta je gaban kotun ma'aikata a 2019, sai laifin ya sauya mazauni. Kotun ta ce kamfanin ne ya nuna masa bambanci, kuma shugabanninsa ba su yi wani ƙoƙarin kirki na fahimtar lalurarsa ba. Abin da aka riƙa rubutawa a matsayin rashin ɗa'a, ashe mutum ne da hayaniya ke azabtarwa a wurin da ba shi da mafaka.

Shi ya samu kotun da ta saurare shi. Akasarin masu irin wannan lalura ba sa zuwa ko'ina. Takardar tuhuma suke karɓa, ko a daina gayyatarsu taro, ko a ƙi sabunta musu kwantiragi, su tafi gida suna tambayar kansu me suka yi. Wannan batu ya shafi duniyar fasaha ta fuska biyu. Kamfanonin fasaha na cikin waɗanda suka fara neman irin waɗannan ma'aikata da gangan, sannan manhajojin da ake ɗaukar aiki da su, da waɗanda ake sadarwa da su a ofis, suna iya rage wannan zargi, suna kuma iya ninka shi.

Mene ne otizim?

A kafafen yaɗa labarai na Hausa an fi kiransa galahanga, sai dai kalmar tana da faɗi, domin mutane kan haɗa laluri daban-daban a ƙarƙashinta. Otizim wani yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga ƙuruciya, kuma mutum yana tare da shi har ƙarshen rayuwarsa. Yana shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a, da yadda yake fahimtar magana, da yadda jikinsa ke karɓar ƙara, haske, wari da taɓi. Ba haukar aljanu ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma sakacin tarbiyya ba ne.

Masu shi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ba ya magana sam, yana buƙatar mai kula da shi a kullum. Akwai kuma wanda ya gama jami'a da sakamako mai kyau, yana rubuta manhaja, yana da mata da 'ya'ya. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a wuraren da ta bibiya a 2022, yaro 1 cikin 31 masu shekara takwas yana da otizim. Waɗannan yara girma suke yi, su nemi aiki kamar kowa.

A nan gizo ke saƙar. Wani bitar da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi ƙarƙashin ɗan majalisa Robert Buckland, wanda aka fitar a watan Fabrairun 2024, ya nuna cewa kusan mutum 3 ne kawai cikin 10 masu otizim da suka kai shekarun aiki ke da aikin yi. A tsakanin masu buƙata ta musamman gaba ɗaya adadin ya kai 5 cikin 10, a tsakanin sauran jama'a kuma 8 cikin 10. Ka tuna wannan ƙasa ce mai dokar kare ma'aikata da kotunan da ke aiki.

Yadda ƙaramin abu ke zama laifi

Ka ɗauka oga ya leƙo ya ce wa ma'aikaci, "In ka samu sarari ka ɗan duba min wannan rahoton." Duk wanda ya saba da ofis ya san ma'anar ita ce a ajiye komai a yi shi yanzu. Ma'aikaci mai otizim kuwa yana iya ɗaukar maganar yadda aka faɗe ta. Bai samu sarari ba, saboda haka bai duba ba. Washegari a ce ya raina na gaba da shi. Shi kuma ya rasa inda ya yi kuskure, tunda abin da aka ce masa shi ya yi.

Ko kuma a wurin taro, shugaban sashe ya gabatar da lissafi mai kuskure. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, ana jira a tashi a gaya masa a keɓe. Mai otizim ya ɗaga hannu ya ce lissafin shafi na uku ba daidai ba ne. A zuciyarsa taimako ya yi, ya ceci kamfani daga asara. A idon sauran kuwa ya kunyata oga a bainar jama'a.

Haka abin yake ta kowane ɓangare. In ya yawaita tambaya domin ya tabbatar da abin da ake so, a ce gardama yake yi. In bai iya kallon mutum cikin ido ba, a ce yana ɓoye wani abu. In fuskarsa ba ta nuna damuwa ba a lokacin da ake masa faɗa, a ce ko a jikinsa. In ya ƙi zuwa walimar ofis saboda hayaniyar na sa shi ciwon kai, a ce ba ya son jama'a. In aka sauya masa tsarin aiki ba zato ya rikice, a ce taurin kai. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a mafi yawan lokuta karin maganar gaskiya ce. Amma ga mutane da yawa masu otizim, fuska da murya ba sa isar da abin da ke zuciya ta hanyar da sauran jama'a suka saba karantawa. Wanda ya tambayi fuskar sai ya samu amsar da ba ita ba.

A ƙasar Hausa akwai wasu abubuwan da ke ƙara wa lamarin nauyi. Mu mutane ne masu kara da kawaici, ba mu cika faɗin abu kai tsaye ba. "Sai na duba" kan zama a'a, "ba komai" kuma sau da yawa akwai komai. Gaisuwa tana da tsawo da tsari: a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi aiki, kafin a shiga abin da ya kawo mutum. Ma'aikacin da ya shigo ofis ya wuce kai tsaye zuwa ga kwamfutarsa, ko ya fara da maganar aiki ba tare da ya gaisa yadda ya kamata ba, kafin azahar an gama yanke masa hukunci: girman kai. Ta wani gefen kuma al'adar tana da sassauci, domin sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne a wurinmu. Sai dai shi wannan matashin da ake yabo a gida saboda kunya, in ya je intabiyu a banki ko kamfanin sadarwa, za a rage masa maki saboda bai kalli masu tambaya cikin ido ba.

Da yawansu kan koyi ɓoye halinsu. Su haddace gaisuwa, su tilasta wa kansu kallon ido, su riƙa murmushi a inda suka lura ana murmushi. Wannan ɓoyo yana cin ƙarfi ƙwarai, kamar mutum ne ke aiki biyu a lokaci guda ana biyansa albashin ɗaya. Bincike ya danganta shi da matsananciyar gajiya, da damuwa, har da tunanin kashe kai. Ranar da ƙarfin ya ƙare kuma, abin da abokan aiki za su gani shi ne mutumin da "ya canza", ba shekarun da ya yi yana daurewa ba.

Laifi tudu ne

An daɗe ana bayanin otizim a matsayin gazawar mutum wajen fahimtar abin da ke ran wasu. A 2012 wani masanin zamantakewa ɗan Birtaniya, Damian Milton, wanda shi kansa yana da otizim, ya juya tambayar. Ya ce in mutum biyu da ke ganin duniya ta hanyoyi mabambanta suka kasa fahimtar juna, rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce. Mai otizim bai gane ogansa ba, haka ne. To shi ogan ya gane shi? Bambancin kawai shi ne ɗaya yana da rinjayen jama'a da iko a bayansa, saboda haka gazawarsa ba ta shiga fayil. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Masu bincike sun gwada wannan tunani. A Jami'ar Edinbara da ke Sikotilan, Catherine Crompton da abokan aikinta sun tara mutum 72 suka raba su rukuni-rukuni na mutum takwas. Aka ba na farko labari ya faɗa wa na biyu, na biyu ya faɗa wa na uku, har zuwa na takwas. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa rukunin masu otizim zalla sun isar da labarin daidai da rukunin waɗanda ba su da shi, kuma a rukunin da aka gauraya ne labarin ya fi zubewa. Da aka maimaita gwajin da mutum 311 aka wallafa a 2025, ba a ga wannan zubewar a rukunin gauraye ba, amma babban sakamakon ya tsaya: masu otizim suna isar da bayani daidai da kowa. Inda bambancin ya fito shi ne wajen sakin jiki da jin daɗin hira.

Wani binciken da Noah Sasson na Jami'ar Texas da ke Dallas ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, shi ya fi kusa da abin da ke faruwa a ofis. An nuna wa mutane gajerun bidiyo na masu otizim da waɗanda ba su da shi, ba tare da an gaya musu wane ne wane ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi masu kallon suka ba masu otizim maki ƙasa, suka kuma nuna ba su cika son hulɗa da su ba. Amma da aka ba wasu rubutaccen abin da mutanen suka faɗa, babu hoto babu murya, sai bambancin ya ɓace. Wato abin da suke faɗa ba shi da aibu, salon faɗar ne ake hukuntawa. Wannan darasi ne babba ga duk mai tsara hanyar sadarwa a wurin aiki: rubutu yana cire wani kaso na son zuciyar da ido da kunne ke shigowa da shi.

Tun daga bakin ƙofa

Sau da yawa hukuncin yana faɗawa kan mutum tun kafin ya samu kujera. A 2015 wata mata mai nau'in otizim da ake kira Asperger ta nemi gurbin horon lauya a sashen shari'a na gwamnatin Birtaniya. Matakin farko jarrabawa ce ta intanet, inda ake kawo wani yanayi na wurin aiki a ce ka zaɓi amsa ɗaya cikin waɗanda aka jera. Ta roƙi a bar ta ta rubuta gajerun amsoshi da kalmominta, aka ƙi. Ta ci 12 cikin 22, alhali ana neman 14. Ta kai ƙara ta yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata kuma ta tabbatar da hukuncin a 2017. Ba ta nemi a sauƙaƙa mata tambayoyin ba, hanyar amsawa kawai ta nemi a sauya.

Da ƙirƙirarriyar basira ta shigo harkar ɗaukar ma'aikata, sai matsalar ta samu sabon salo. Kamfanin HireVue na Amurka ya yi suna da manhajar da ke yi wa mutum intabiyu ta bidiyo, tana nazarin kalmominsa, da muryarsa, har da motsin fuskarsa, sannan ta ba shi maki. Irin wannan manhaja tana koyo ne daga bayanan mutanen da aka riga aka ɗauka a matsayin nagartattun ma'aikata. Duk wanda fuskarsa ko muryarsa ta saɓa wa nasu yana cikin haɗarin faɗuwa, kuma ba zai taɓa sanin dalili ba. Ƙungiyar kare sirrin jama'a ta EPIC ta kai ƙorafi gaban hukumar kasuwanci ta Amurka a watan Nuwamban 2019, kuma a watan Janairun 2021 kamfanin ya sanar da cewa ya daina nazarin fuska.

Tarayyar Turai ta ɗauki mataki mafi tsauri. Dokarta ta ƙirƙirarriyar basira ta haramta amfani da manhajojin da ke hasashen yanayin zuciyar mutum a wuraren aiki da makarantu, in ba don dalilin lafiya ko tsaro ba, kuma haramcin ya fara aiki ranar 2 ga Fabrairun 2025. Wannan ya shafi matasanmu kai tsaye, domin masu neman aikin nesa daga Kano, Kaduna ko Yamai suna cin karo da irin waɗannan manhajojin tantancewa a shafukan kamfanonin waje.

Kamfanonin da suka sauya hanya

A 2004 wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Thorkil Sonne, wanda ke aiki a kamfanin sadarwa, ya ajiye aikinsa bayan an gano ɗansa yana da otizim. Ya kafa Specialisterne, kamfanin da ke ɗaukar masu otizim aikin gwajin manhaja da tantance bayanai. Maimakon intabiyun rabin awa, sai a ba masu neman aiki wani abu su haɗa ko su warware, ana kallon yadda suke aiki.

Wasu suka biyo baya. An kafa Auticon a Balin ta Jamus a 2011, kuma ƙwararrun da yake turawa su yi wa kamfanoni aiki masu otizim ne. Kamfanin SAP ya fara shirinsa a 2013. Microsoft ya fara nasa a 2015, inda ya maye gurbin intabiyun gargajiya da kwanaki na ayyukan gwaji da tattaunawa cikin natsuwa. Ultranauts na Amurka, wanda aka kafa a 2013, ma'aikatansa daga gida suke aiki, akasarinsu masu otizim ne, kuma kowane ma'aikaci yana da ɗan taƙaitaccen bayani a rubuce kan yadda ya fi son a tuntuɓe shi da yadda ya fi son a yi masa gyara. Tun kafin waɗannan duka, Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi mai otizim da ta tsara wuraren sarrafa shanu da ake amfani da su a faɗin Amurka, ta sha faɗin cewa zanen aikinta take shimfiɗa wa masu ba da kwangila, shi ke yi mata magana. Gani ya kori ji.

Sai dai akwai abin lura. Waɗannan shirye-shirye sun haifar da wani sabon zato, cewa duk mai otizim gwanin kwamfuta ne. Ba haka ba ne. Akwai malamai, da teloli, da ma'aikatan jinya, da direbobi, da masu gyaran waya. Wanda aka ɗauka da tsammanin zai yi abin al'ajabi, in ya zama ma'aikaci kamar kowa, sai a sake ganin laifinsa. Kuma ɗaukar mutum aiki daban, riƙe shi daban. In an gyara ƙofar shiga amma ofis da oga suna nan yadda suke, matsalar ta matsa gaba ne kawai da 'yan watanni.

Na'urori da manhajojin da ke taimakawa

Na farko shi ne hedifon mai kashe ƙara. Yana da ƙananan makirfo da ke sauraron ƙarar waje, sai ya samar da wani sautin da ke kishiyantar ta, su kashe juna kafin su isa kunne. Ya fi tasiri a kan ƙara mai ɗorewa, irin ta janareta, na'urar sanyaya ɗaki ko injin mota. Muryar mutane da ƙarar da ke zuwa ba zato ba ya kashe su gaba ɗaya, shi ya sa wasu ke haɗa shi da abin toshe kunne. Sony, Bose da Apple ne suka fi suna, amma Anker da Oraimo suna da masu sauƙin kuɗi. Masu iPhone kuma, tun daga iOS 15 akwai tsarin da ke kunna sautin ruwan sama ko na teku a bayan fage domin danne hayaniya. Abin da ya fi na'urar muhimmanci shi ne izinin sa ta. A ofisoshi da yawa wanda ya toshe kunne ana masa kallon mai wulaƙanta jama'a.

Na biyu haske. Dogayen fitilun nan masu bututu na tsohon yayi suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa a wutar lantarki irin tamu, suna kuma yin wani siririn kuka. Yawancin mutane ba sa lura, amma ga wasu masu otizim abin yana hana su tattara hankali. Sauya fitila, ko matsar da tebur kusa da taga, ba ya cin wani kuɗin kirki.

Na uku rubuta abin da aka faɗa. Google Meet, Zoom da Microsoft Teams duk suna iya nuna maganar da ake yi a rubuce nan take, suna kuma iya adana ta. Ga wanda ke buƙatar ɗan lokaci kafin magana ta zauna masa, wannan babban sauƙi ne. Haka allunan rabon aiki irin su Trello da Jira, inda ake rubuta wane ne zai yi me, zuwa yaushe. In aiki yana rubuce, gardamar "ai na gaya maka" ta ƙare. A wajenmu kuwa, inda rabin aikin ofis a WhatsApp ake yin sa, saƙon murya na minti biyar da umarni ke ɓoye a tsakiyar gaisuwa da hira tarko ne. WhatsApp ya fito da tsarin mayar da saƙon murya rubutu a ƙarshen 2024, amma Hausa ba ta cikin harsunan da ya fara da su. Mafita ita ce mai ba da umarni ya bi saƙon da layi biyu a rubuce.

Na huɗu manhajojin da aka ƙera musamman domin irin wannan buƙata. Goblin Tools, wanda wani mai rubuta manhaja ɗan Beljiyam ya ƙirƙira, yana iya farfasa babban aiki zuwa ƙananan matakai, ya gaya maka yadda saƙon da aka turo maka ke iya nufi, ya kuma tausasa wanda za ka tura. Tiimo na ƙasar Denmak yana tsara ayyukan yini da launuka da hotuna.

Da yawa kuma sun koma tambayar ChatGPT da ire-irensa. A wani ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Carnegie Mellon a 2024 da mutum 11 masu otizim, akasarinsu sun fi son shawarar da manhajar ta ba su kan matsalolin ofis a kan wadda mutum ya rubuta, saboda tana zuwa a tsare, kuma ba ta gajiya da tambaya. Amma ƙwararren mai horar da ma'aikata da ya duba amsoshin ya ga wasu shawarwarin ba za su haifar da ɗa mai ido ba. Akwai kuma haɗarin kwafe sirrin kamfani a zuba wa manhaja, abin da kan iya zama dalilin kora na gaske. Sannan waɗannan manhajoji ba su san ofishinka ba, ba su san kara da kawaicin Bahaushe yadda ɗan gari ya sani ba.

Akwai wata tambaya da ta rage. In mai otizim ne kullum zai sayi hedifon, ya tace saƙonsa ta manhaja, ya nemi na'ura ta fassara masa ogansa, to nauyin fahimtar juna yana kansa shi kaɗai kamar dā. An dai ba shi kayan ɗaukar nauyin ne.

Abin da ya rage ga shugabanni

A Najeriya akwai dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta haramta nuna musu bambanci, ta kuma buƙaci ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. An kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Amma lalurar da ba a gani da ido tana da wuyar karewa. Manya da yawa ba su taɓa samun likitan da ya duba su ba, domin ƙwararrun kaɗan ne, kuma hankalinsu ya fi karkata ga yara. Wanda ya san yana da otizim ma yana tsoron faɗa, kada a ce masa mai taɓin hankali, ko maganar ta bi shi har wurin neman aure. Wani binciken Sasson na daban ya nuna cewa mutane kan sassauta hukuncinsu in sun san mutum yana da otizim, musamman in suna da ilimin abin. Inda babu ilimin kuwa, faɗar na iya zama wa mutum jidali.

Saboda haka gyaran da ya fi amfani shi ne wanda ba ya buƙatar kowa ya kawo takardar asibiti. Oga ya faɗi abin da yake so da ranar da yake so, a rubuce. A tura ajandar taro tun kafin a zauna. In za a sauya tsari a sanar da wuri. In za a yi wa ma'aikaci gyara a faɗi takamaiman abin da ya yi da abin da ake so ya yi, a daina cewa "ka gyara halinka". A bar mai son hedifon ya sa, a bar mai son kashe kyamara a taron bidiyo ya kashe. A auna mutum da aikin da ya miƙa. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai cutar da sauran ma'aikata, hasali ma sabon ma'aikaci da wanda Turanci bai zauna masa ba duk za su amfana.

Kafin kuma a rubuta takardar tuhuma, a kira mutum gefe a tambaye shi: "Da na ce maka kaza, me ka fahimta?" Mai yiwuwa amsar ta nuna sakaci ne, a hukunta shi. Mai yiwuwa kuma ta nuna cewa tun farko ba a faɗa masa abin da ake zaton an faɗa masa ba.